Ranar da Na Bar Uban Amarya Yana Alwala

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na kusa hana a ɗaura auren Rabi, 'yar Kawu Sule, mutumin da ya riƙe ni tun zuwana Jidda. Kuma duk a kan wani ɗan jirgin ƙasa ne na Japan.

Kamfanin da nake wa aikin gyaran layin dogo ne ya tura mu can ƙaro ilimi. Abokaina suka samu manyan birane, ni kuwa aka jefa ni wani ƙaramin layi a cikin duwatsu, jirgi mai tarago ɗaya tal. Da farko na raina shi, sai tsohon direban ya ba ni tarihinsa. Don sauko da katako daga daji aka shimfiɗa shi. Da cinikin katako ya mutu aka so rufe shi, mutanen ƙauyukan suka ce ba su san wannan ba, suka haɗu da ƙananan hukumominsu suka karɓe shi. Layin guda ɗaya ne, zuwa da dawowa, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashar tsakiya, don haka wanda ya makara ya tsayar da ɗan'uwansa. Shi ya sa ba sa wasa da minti ɗaya. Direban shi ne mai karɓar tikiti, kuma kafin ya tashi sai ya nuna kowane abu da yatsa ya faɗe shi da ƙarfi: ƙofa a rufe, fitila ta ba da hanya, lokaci ya yi. Ko fasinjansa biyu ne haka zai yi. Wallahi abin ya shiga raina, har yau ina alfahari da na zauna a bayan mutumin nan.

Na dawo na ishi kowa da labarin (matata ta ce ko tuwo ta makara da shi sai ta ji tarihin katako). Da bikin Rabi ya zo, Kawu ya ce, "To ɗan Japan, motar 'yan ɗaurin aure a hannunka take." Daga unguwar Bab Makka za mu kwashi mutane zuwa unguwar Madain Fahd, duk a nan Jidda. Ma'azun, wato malamin da ke ɗaura aure ya rubuta a takarda, ya ce ƙarfe biyar zai wuce Makka, ango kuma washegari hutunsa zai ƙare ya koma bakin aiki a wani gari. Na sanar da kowa: huɗu da kwata mota za ta tashi.

Huɗu da minti goma sha huɗu, kujeru talatin, mutum shida a ciki. Na zagaya bas ɗin ina nuna taya da yatsa ina cewa, "Taya lafiya!" Masu shagunan yadi suka leƙo suna kallona. Direban, Usman, Bahaushen Sudan, ya ce, "Ya sheikh, mu ba su shuwayya, ɗan lokaci kaɗan, jama'a na tafe."

Na nuna agogo. "Lokaci ya yi. Yalla!"

Muka isa ƙarfe huɗu da arba'in daidai. Na sauko ina taku ɗai-ɗai, ina jiran a yaba. Ma'azun ya buɗe littafinsa, ya duba iƙamar ango, wato katinsa na izinin zama a ƙasar, sannan ya ɗago kai. "Ina uban amarya? Sai da sa hannunsa."

Jama'a, na nuna taya, na nuna ƙofa, na nuna agogo, amma ban ƙirga Kawu ba. Ashe ya shiga bayan wani shago sabunta alwala, ya fito ya hango bayan mota. Na kira wayarsa sau bakwai, ya ƙi ɗauka. Ango ya zuba mini ido, gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda. Ma'azun ya fara mayar da biro aljihu.

Saura minti uku biyar ta cika sai ga 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya ta masu abinci. A bayanta, tsakanin tukwanen shinkafa biyu, Kawu ne zaune da babbar riga, buta a hannu, romo ya ɓata masa gefen hannun riga. Ya sauko bai kalle ni ba, ya sa hannu, aka shafa fatiha. Sai da aka gama ya juyo gare ni.

"A Japan ɗin, ba a gaya maka jirgi don mutane aka yi shi ba?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. Sati biyu ina zuwa gaishe shi yana amsawa da "halas" kawai, wato "shi ke nan".

Na koyi cewa kafin in duba agogo, in fara duba wanda in babu shi babu taron. Amma fa ban tuba gaba ɗaya ba. Da aka zo auren ƙanen Rabi, ni aka sake ba mota, kuma tun saura rabin awa na tarar ta cika maƙil. Kawu na kujerar gaba, shi ke leƙawa ta taga yana ce wa masu jan ƙafa, "Ku yi sauri, wannan ko ni bai jira ba."