Fanshona a Buhun Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa da azumin shekarar da na yi ritaya ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Shekara talatin ina tsaron sito a tashar jiragen ruwa ta Treichville, babu ƙurar da ban shaƙa ba. Ana ba ni kuɗin sallama sai gari ya ɗauka wai za a sake karya darajar kuɗinmu, sefa. Kaya na tashi kullum, 'yan kasuwa duk sun rikice. Ni kuwa da idona na ga abin da karyawar farko ta yi wa mahaifina: ya kwana da dukiya, ya tashi da rabinta. Na rantse ba za a yi da ni ba.

Na tafi wurin wani maƙerin zinare ɗan Senegal, na juye kuɗin kaf suka koma awarwaro huɗu masu kauri, aka gwada aka auna a gabana. Har nan dai da hankalina. Daga nan ne wauta ta karɓi ragama.

Banki ban yarda da shi ba. Matata Rabi ma ban gaya mata ba (ba don tana da hannu ba, sai don tana da ƙanne biyar, kowanne da buƙatarsa). Sai na ɗura awarwaron a safa, na farke buhun shinkafa na can ƙasa a ɗakin ajiya, na tura har gwiwar hannu, na ɗinke. Wai ni gwanin sito, na san inda ɓarawo ba ya dubawa.

Ana gobe azumi Alhaji Ɗanjuma, shugaban kwamitin masallacin layinmu, ya zo neman gudummawar buɗa-baki. Na marairaice na ce, "Alhaji, fansho ko ƙamshinsa ban ji ba. Da ƙyar muke ɗora tukunya."

"Yako, Magasinye," in ji shi (wato "sannu, mai sito", sunan da ake kirana ke nan a unguwa). Har addu'a ya yi mini.

Ran uku ga azumi ina kasuwar Gouro a Adjamé ina cinikin doya, sai ga wayar Rabi.

"Malam, na fitar da kai kunya. Na aika wa masallaci buhu ɗaya, na ƙasan nan, kafin ƙwari su gama da shi."

"Na ƙasa? Wa ya aike ki?"

"Lada na nema maka. Laifi ne?"

Doyar da na riga na biya a nan na bar ta. Na faɗa tasi, muka maƙale a kan gada, ina yi wa direba tsawa kamar shi ya aika da buhun. Wahalar shekara talatin fa, ga ta can za a dafa ta da manja!

Na isa masallaci ana idar da la'asar, farfajiya cike da jama'a. Ko sallama ban yi ba. Na afka wa buhunan da aka jingine, na zura hannu har kafaɗa, shinkafa na zuba a ƙasa.

"Magasinye, lafiya?" in ji wani. "Yunwar ce tun yanzu?"

Sai Liman ya yi gyaran murya. "Jama'a, mata masu girki sun tsinci wani ƙunshi a cikin shinkafa, sun kawo mini."

"Nawa ne!" Haka na kwatsa.

Alhaji Ɗanjuma ya dube ni sama da ƙasa. "Haba Liman, ba nasa ba ne. Mutumin da ko ƙamshin fansho bai ji ba? Wataƙila daga jirgi abin ya zo."

Liman ya ce, "Hukuncin tsintuwa, mai ita ya siffanta ta da abin da aka ƙunshe ta. In ba haka ba, cigiya ce har shekara."

Na so ƙasa ta tsage. Amma tsakanin mutunci da fansho, wallahi fansho na zaɓa.

"Awarwaro huɗu ne na zinare."

"A cikin me?"

"Safa."

"Wace iri? Ɗaga murya, na baya su shaida."

"Shuɗiya. Ta huje a dunduniya."

Masallaci ya ɗauki dariya, har da masu girki. Liman ya miƙo mini, ya ƙara da cewa in shekara ta zagayo kada in manta da zakka, tunda yanzu kowa shaida ne. Alhaji Ɗanjuma kuwa hularsa kawai ya cire ya tara mini.

A gida Rabi magana ɗaya ta yi: "Shekara talatin, ashe buhu ya fi ni amana." Kwana goma tana ajiye mini sahur ba ta kallona. Ƙannenta biyar kuwa duk sun zo barka kafin Sallah.

Sefa dai har yau ba a karya ta ba, darajata ce ta karye. Awarwaron suna akwatin Rabi, makullin na ɗaure a bakin zanenta. Wanda zai ɓoye dukiya a cikin abinci, to ya fara shawara da mai girki.