Gwankin Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar gwankin nan ba, kuma bari in gyara abin da dangi suke yaɗawa: Kawu Sale bai yi kuskure ba. Kibiyarsa ta shiga daidai inda ya ce za ta shiga. Ni ce na ɓata komai.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, injiniya a Birmingham. Mahaifinsu, Baba Tsoho, maharbi ne a wani ƙauye kusa da Ningi, kuma tun da ƙafa ta hana shi shiga daji ba shi da zance sai cewa baka ya mutu a gidansa, duk 'ya'yansa sun koma riƙon biro. Maganar tana cin Kawu. Shi ne ya shiga ƙungiyar masu harbi a wani ɗan kurmi bayan gari, inda ake jera dabbobin soso masu girman na gaske, har da gwanki (a ƙasar nan in ka harbi ko zomo da kibiya, kai da 'yan sanda). Burinsa ɗaya: tsohon ya ga harbinsa da idonsa.

Ni na kai kaina. Na ce, "Kawu, duk bikin da aka yi a Manchester wa yake ɗaukar bidiyo? Soso ne zai gagare ni?" Na baro unguwarmu Withington a Manchester na hau jirgin ƙasa har da sabon mayafi.

Kawu ya ɗauke ni a tasha, a mota ya yi ta bayani. Wai Turawan suna harbin bayan kafaɗa, don a nan zuciyar barewarsu take, amma naman dajinmu zuciyarsa ta fi matsowa gaba, sai ka bi ƙafar gaba da ido ka ɗan hau sama. Wai in tsaya bayan kafaɗarsa yadda shi da gwankin za su fito tare. Na ce, "To, to, Kawu, na gane." (Ina duba saƙonni ne.)

Da layi ya zo kansa, sai na ga haske ya fi kyau ta gefe. Na koma can. Ni a aikina fuska ake bi, wa ya taɓa ɗaukar ƙeyar amarya? Ya ɗana kibiya, ya ja tsirkiya, ya saki. Tuf. Turawa suka hau tafi, wani dattijo har da dafa masa kafaɗa. Kawu ya juyo idonsa ya kawo ruwa.

"Kin samu?"

"Kawu, ni fa ce. Ba sai ka duba ba."

Ya zare kibiyarsa don masu jira. Sauran harbin ranar kuwa, ɗaya a kunne, ɗaya a gindin bishiya, daga nan kafaɗa ta riƙe masa. Ni ko tun a mota na tura wa dangi bidiyon, ban ko kalla ba.

Da yamma a gidansa na unguwar Erdington, Anti Bilki, matarsa, ta zuba tuwo, ga baƙi biyu, aka kira gida ta bidiyo. An riga an nuna wa Baba Tsoho. Kawu ya ce a saka a talabijin mu ma mu gani.

Fuskar Kawu ce ta cika bango. Na manta ban cire kwalliyar da nake sa wa amare a waya ba, don haka fatarsa sumul, leɓe ja, gashin ido zara-zara a bayan tabarau. Ba baka, ba kibiya, ba gwanki. Sai muryata, ƙarara: "Kawu, ɗan saki fuska mana." Sannan tuf, daga wani wuri can da Allah kaɗai ya sani.

Anti Bilki ta tura fuskarta cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Baba Tsoho ya matso da ido jikin waya. Da yake ni jika ce, ba ya raga min.

"Amaryata, na ga Sale ya yi kyau, Allah ya sanya alheri. Yaushe ne ɗaurin auren?"

"Baba, wallahi ya same shi. A zuciya."

"Na yarda, na ji ƙara ai. Amma ko ƙofa aka rufe haka take yi."

Kawu bai yi min faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya miƙo min miya kawai ya ce, "Ci abinci, mai ɗaukar biki."

Na dai koyi cewa akwai ranar da ƙeyar mutum ta fi fuskarsa amfani. Ranar Asabar zan koma Birmingham. Zan tsaya bayan kafaɗarsa, bakina a rufe, kwalliya a kashe, kuma zan yi ta komawa har kibiyar ta sake samun wurin nan. Tsohon sai ya ga gwankinsa.