Jirgin da na shafe a zauren Malam Inuwa

Ba zan taɓa mantawa da alherin da na yi wa Malam Inuwa ba, don har yau shi ke hana ni bi ta ƙofar gidansa.

Abokina ne tun ƙuruciya a Yakasai. Ni na shiga duniya, shi ya zauna yana ɗinki. Da na dawo bayan shekara tara, na tarar da zane a bangon zaurensa: jirgin sama da koren fenti, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga wani mutum a taga, kansa ya kusa rabin jirgin. Ni da na ga zane-zanen Alƙahira da na Istambul (ina faɗin haka ko ba a tambaye ni ba), sai abin ya tsaya mini a rai. Bai ce komai a kansa ba, ni ma ban tambaya ba.

Saura kwana uku ɗaurin auren 'yarsa, ya tafi ƙauye gayyatar dangi. Na ce bari in fitar da shi kunyar baƙi. Na kawo mai fenti, aka shafe zauren fari fat, na rataya hoton Makka da na sayo a Dubai, irin mai ƙananan fitilun nan da ake bugawa dubu-dubu. Na zauna jiran godiya, har da gyara hula.

Da Malam Inuwa ya dawo, ya yi sallama, ya tsaya da jaka a hannu.

"Alhaji, ina jirgin?"

"Na raba ka da shi, Malam. Wane gwanin ne ma ya zana? Ai ko a mafarki ba zai tashi ba."

"Kabiru ne."

Kabiru babban ɗansa ne, wanda mota ta kashe ina Jidda. Ta waya na yi ta'aziyya, minti biyu.

Malam ya ci gaba: "Cewa ya yi kafin Allah ya hore masa ya kai ni Makka, ga jirgi ya ajiye mini. Mai ƙaton kan nan ni ne."

Ya sa farce yana kankarar bangon. Fenti mai kyau na saya, kuma sau biyu na sa aka shafa. Ko ɗigon kore bai fito ba. Fitilun hotona suna ta ƙyalƙyali a kanmu.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Allah ya saka da alheri," ya shige cikin gida.

Yanzu ko zanen gawayi na gani a bango, sai na tambaya kafin in buɗe baki. Harshe biyar nake ji, amma "wa ya zana wannan?" ta gagare ni da Hausa.