Rasuwar Yayyafi, Injin Feshin Rumfar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni autar gidan nan, a madadin Baba da dukkan ma'aikatan gidan cin abincinmu, nake sanar da rasuwar injin feshin ruwanmu, wanda kwastomomi suka fi sani da Yayyafi. Ya rasu ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da aka fi bukatarsa, yana da shekara uku da wata huɗu. Ban taɓa rubuta irin wannan sanarwa ba, idan na yi kuskure a yi min afuwa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin siririn tiyo ne da ya zagaye rumfar waje, da bakunan feshi ashirin da huɗu, kowanne da 'yar huda wadda ido ba ya gani sai an matso. Yakan fesa ruwa ya zama kamar hayaƙi, ya bushe a iska kafin ya sauka, mutum dai ya ji zafin ya ja da baya. Bai taɓa jiƙa min shafin littafi ba, ni da nake zaune a teburin lungu kullum bayan an tashi makaranta. Mai kawaici ne. Maganarsa ɗaya ce, "tssss", sai ya yi shiru na minti biyu, ya sake. Bai taɓa bambanta wanda ya ci faranti uku da wanda ya sayi lemo ɗaya ya zauna har yamma yana cajin waya ba.

Dole in yi bayanin jinyarsa, domin ana ta faɗin abin da ba haka ba. Ranar da aka kawo shi, Baba ya miƙo min littafin bayaninsa ya ce, "Ke da ba ki da aiki sai takarda, ungo, haddace." Na kuwa haddace. Shafi na tara ya ce kada a zuba komai a tanki sai ruwa mai tsabta. Na faɗa wa kowa. A hankali na faɗa, na yarda, amma na faɗa.

Sai Yaya, babban wanmu, wanda ya naɗa kansa manaja, ya je wani otal ya dawo da dabara. Ya tsiyaye rabin kwalbar turarensa, irin mai maiƙon nan, a cikin tankin. Ya ce, "Kwastoma ya ji sanyi, ya ji ƙamshi. Ke littafinki ya san wannan?" Kwana biyu rumfar tana tashin ƙamshi, har shayi ɗanɗanon turare yake yi. A rana ta uku maiƙon ya toshe bakunan, muryar marigayin ta koma "fit, fit", kamar tsoho mai tari.

Yaya ya ɗauki jinya da kansa. Ya hau kujera da allura ya zungure kowane baki, hudojin suka buɗe, daga ranar Yayyafi ya daina feshi ya koma ɗiga. Ya ɗiga a faranti, ya ɗiga a waya. Ya ɗiga a tsakiyar sanƙon tsohon likitan haƙori, wanda bai taɓa fashin zuwa ba tun da aka buɗe gidan nan. Dattijon ya goge kansa, ya yi mana sallama cikin mutunci, ya tsallaka titi zuwa wurin maƙwabcinmu mai na'urar sanyaya ɗaki. Ranar Talata injin ya yi gurnani, ya yi ƙauri, ya yi shiru.

Da mai gyara ya zo ya tambayi wa ke kula da shi, Yaya ya juya ga Baba, ya nuna ni ya ce, "Baba, ai littafin a hannunta yake." Mai gyara ya sunsuna tankin, ya ɗago ya shaƙi iskar da ke tasowa daga rigar Yaya. Na ga ya gane. Amma Yaya ne ke kiransa aiki, don haka ya ce rashin kulawa ne. Baba ya kwashe littattafaina goma sha ɗaya ya kulle a durowar ofis, ya ce ba zan sake ganinsu ba sai ranar da sanyi ya dawo rumfar. Ɗaya daga ciki saura min shafi ashirin in gama.

Marigayin ya rasu ya bar tanki ɗaya mai ƙamshi, da tiyo mita arba'in, da kujeru sittin da babu kowa a kansu. Ya bar fanka biyu masu kwasar zafi daga wannan tebur su kai wancan. Ƙudaje sun zo gaisuwa tun ranar farko, har yau ba su tafi ba.

Za a sauke gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a naɗe ta, a kai ta sito, ƙarƙashin jagorancin Yaya. Na je na roƙi Baba littattafaina, na ce zan yi komai don sanyi ya dawo. Ya ce to, ya miƙo min kwalbar feshin da ake wanke gilashi da ita. Saboda haka ni ce magajiyar marigayin, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar, tebur bayan tebur. Masu zuwa ta'aziyya su cire tabarau su rufe faranti idan sun ga na nufo su. Ban iya saiti ba.