Kowa Cokali Uku

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Zamanin juyin juya hali, lokacin da ake kiran kowane ma'aikaci Kamarad, aka kawo kwamfuta ofishin nomanmu a Parakou, na ce kowa ya matsa, ni kaɗai na iya ta. Darakta ya sa ni rabon takin zamani ga manoman Kolokondé da ke yankin Djougou.

Don burga, da giram na auna takin. Lambar ta fi ƙarfin injin, sai an datsa ta biyu: a raba ɓangaren sama, a sauko da abin da ya rage kan na ƙasa. Ni gwani, na manta da ragowar. Ban ko duba takardar da injin ya buga ba, na bi mota har Djougou in sha tafi.

Magatakarda ya karanta wa manoma: kowa cokali uku. Wani dattijo da ya jawo jakuna biyu ya dube ni ya ce, "Kamarad, a shayi zan zuba?" Darakta ya wanke ni tas a gabansu.

Shekara nawa yanzu? Amma kowace Layya a Zongo, da na taɓa wuƙar rabon nama sai Yaya ya fizge: "Ajiye, Kamarad. Yunwa muke ji."