Waƙi'ar Jan Gilashi da Lallen Hajiya Tabawa

Da sunan Mai sama muke buɗe tarihin sadauki Malam Barau mai hoto, ɗan Jatau mai hoto, jikan gwarzon da ya fara cusa kansa cikin baƙin ƙyallen kyamara a bakin tashar Gusau har jama'a suka watse suna salati. Barau dodon ɗakin wankin hoto baƙi da fari, ma'abucin kyamarar da ta girmi matarsa, wanda ya rantse waya ba za ta ɗauke shi ba sai dai bayan ransa!

Amma ba'adu, a shekarar da aka yi sunan jikarsa, uwargida Hajiya Tabawa ta wuni da ƙunshi, hannu da ƙafa a ɗaure, ko ƙuda ba ta iya kora, har lalle ya kama ja wur. Ta yi shela cewa hoton da ya fi fito da lallen nan shi za a rataya a falo. Sai ga abokin gaba, ƙaninta Sallau sarkin raini, da waya a hannu, yana da'awar duk gilashin tace launi da ke jakar Barau yana ƙarƙashin ɗan yatsansa.

Barau ya harzuƙa. Ya zaro jan gilashin da ya gada kaka da kakanni, wanda ke sa gajimare ya fito kamar auduga, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya ɗaura a idon kyamara, ya daka tsawa: "Kowa ya kauce! Hajiya, ɗaga hannu!" Ya danna sau ɗaya tak, irin na maza.

Sallau kuwa, matsoraci, ya ɗauka baƙi da fari shi ma, ya latsa jan gilashin cikin waya, ya ga lalle ya dusashe, ya ƙi faɗa wa Barau don mugunta. Ya koma kore, zanen lalle ya fito ɓaro-ɓaro.

Shi fim ba a wanke shi sai ya cika, kafin ya cika kuwa lalle ya koɗe. Ranar fatahi da nasara Barau ya fito da hotonsa, ƙirji gaba. Wallahi sama ta yi kyau. Amma jan gilashi ya shanye jan lalle kaf, ga tafin Hajiya fayau kamar ta gama wanke-wanke.

"Malam, ina lallena?"

"Hajiya, ki dubi gajimaren nan tukuna."

"Gajimare na wuni ina ƙunsawa?"

Hoton Sallau na nan a falo har yau. Na sadauki ma bai wulaƙanta ba, takardarsa na da kauri, da shi Hajiya ke fifita garwashi.