Takardar Gwajin Tsami a Gidan Surukai

Wani mutum ne a Gujranwala, garin da in ka ce ka ƙoshi sai a tambaye ka wa ya ɓata maka rai. Saura mako biyu a je nema wa ɗansa Tausif aure, abokinsa ya turo masa bidiyo a waya. Wani mai farar riga ne, wanda daga gani ko allura bai taɓa riƙewa ba, yana rantsuwa cewa ciwon daji ba ya zama sai a jikin da ya yi tsami. Nama tsami ne, madara tsami ce, sukari kuwa shi ne ubansu. Mai son tsira sai ya koma wa kokwamba da ɗanyen alayyafo.

Mutumin ya kalla sau tara. Ya garzaya kantin magani ya sayo 'yan takardun gwaji. In ka tsoma ta yi ja, tsami ne. In ta yi shuɗi, ka tsira.

Da rana matarsa Shagufta ta ajiye masa farfesun ƙafar akuya. Ya tsoma takarda. Ja.

"Innalillahi! Maman Tausif, shekara talatin kina ba ni guba!"

"Gubar ce ta yi maka wannan tumbin?"

Ya ture kwanon, ya matse lemun tsami uku a ruwan ɗumi ya shanye, fuska a yamutse.

Ta ce, "To wannan fa? Ko a sunansa akwai tsami."

"A waje ne yake da tsami. Likitan ya ce da zarar ya shiga ciki sai ya tuba."

"Ka bar farfesun nawa ya shiga shi ma ya tuba mana."

"Shi ba ya tuba."

Washegari ya bi kasuwa yana tsome-tsome. Mai shayi ya kore shi, mai nono ta zage shi. Ya isa wurin Lala Rafik mai sayar da pan, ganyen taunawar nan da ake shafa wa farar ƙasa. Ya tsoma takarda a tukunyar farar ƙasar. Ta yi shuɗin da bai taɓa gani ba.

"Allahu Akbar! Lala, ashe maganin na gefen titi muna wucewa!"

Lala ya ce, "Yallaɓai, likitocin asibiti cewa suke pan ɗin nan ne ma ke kawo ciwon a baki."

"Su suna da takarda? Bar ganyen, ɗebo min cokali guda zalla."

Ya lashe farar ƙasar, harshensa ya saluɓe. Kwana huɗu bai iya haɗiye ko ruwa da daɗi ba, wandonsa ya fara zamewa. Ya ce ai aiki ne maganin ke yi.

Ranar neman aure ta zo. Shekara uku Shagufta ta yi tana safa da marwa gidan Caudari Inayat kafin ya yarda ya ba da 'yarsa Mahwish, don mutum ne mai jin kansa, manema huɗu ya sallama. A mota ta ja wa mijin kunne.

"Baban Tausif, don girman Allah, takardun nan su zauna a aljihu."

Aka zauna a falo, aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Caudari ya ce ya bayar. Sai aka shigo da tiren laddu, dunƙulen alewar nan mai naso da man shanu. Kowa ya san magana ba ta ƙulluwa sai uban yarinya ya sa wa uban yaro zaƙi a baki da hannunsa. Caudari ya ɗauki mafi girma, ya miƙo yana murmushi.

Mutumin ya datse baki.

"Bismillah, ɗan'uwa," in ji Caudari.

Mutumin ya zaro takarda ya soka a laddun. Ta yi ja-ja. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Caudari, ba raini ba ne. Amma tunda za mu haɗa jini, ɗan fito da harshenka in gwada gidan naku gaba ɗaya."

Tausif ya sunkuyar da kai kamar ya nutse. Gashin bakin Caudari ya fara rawa, hannunsa na nan a miƙe da laddu, ya ce, "Ko dai a ci wannan, ko a nuna muku ƙofa."

Mutumin ya juya wurin matarsa, ido ya kawo ruwa, ya yi ƙasa da murya.

"Maman Tausif, ki duba launin nan. In na ci, ciwon daji ne zai kashe ni."

Shagufta ta yi wa surukai murmushi, ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Buɗe baki. Shi ciwon dajin sai ya yi shekara ashirin yana shawara, ni kuwa ko mota ba za mu kai ba."